Damina Biyu a Gindin Mangwaro: Malamin da Ya Nemi Hoton Ƙananan Laimar Kwaɗi

Asalin lamarin

Mutumin da wannan bayani ya shafa malamin bayoloji ne a wata makarantar sakandare da ke wajen garin Zariya. Mun daɗe da sanin juna, kuma da izininsa na duba littafin da ya riƙa rubuta fitarsa a ciki. Ya roƙi kada a ambaci sunansa ko na makarantar, don haka Malam kawai zan riƙa ce masa.

Daga aji abin ya faro. Duk shekara idan aka zo darasin fungai, wato dangin da ya haɗa funfunar burodi da yis da naman kaza, sai ya zana hula da ƙafa a allo, ya rubuta sunayen sassa, yara su kwafa. Hoton da ke littafin karatu kuwa na ƙasashen sanyi ne, jar hula mai ɗigo-ɗigon fari da babu yaron da ya taɓa gani a bayan gidansu. Wata rana wata ɗaliba ta tambaye shi ko laimar kwaɗin da ke fitowa a jujin unguwarsu ita ce wannan ta littafi. Ya ce mata 'yan uwan juna ne. Amsar gaskiya ce, amma shi kansa ba ta gamsar da shi ba.

A watan Mayu, ruwa bai zauna ba tukuna, ya ɗaukar wa kansa alƙawari: kafin damina ta fita zai tara hotuna 20 na ire-iren da ke tsirowa a yankinsu, ya wanke su, ya manna a bangon aji. Ƙananan ya fi so, waɗanda hularsu ba ta wuce santimita ɗaya ba, domin su ne ake takawa a wuce. Ya karanta cewa masanan lambun Kew na Ingila sun ƙiyasta a rahotonsu na 2023 cewa fungai sun kai iri miliyan 2.5 a duniya, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 ba a raɗa musu suna ba. Wannan ya tsaya masa a rai.

Kayan aikinsa wayar Android ce matsakaiciya, da babur, da ɗan lokacin da koyarwa ta rage masa. Ruwan Zariya yakan fara a Mayu ya ɗauke a farkon Oktoba, kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Agusta. Wata biyar ke nan, ko ƙasa da haka.

Yuni: fita bakwai, hannu wofi

Da farko Malam ya ɗauka sai a daji mai duhuwa ake samun abin da yake nema. Dazukan da ya sani ta wajen Birnin Gwari kuwa halin tsaro ya rufe su, ba mai hankalin da zai shiga don laimar kwaɗi. Sai ya koma zagaya filaye da gefen gonaki bayan an tashi makaranta, daga ƙarfe uku zuwa biyar na yamma. A tsaye yake tafiya, yana waige-waige, yakan ci kilomita uku ko huɗu a fita ɗaya.

Sau bakwai ya fita a watan. Abin da littafinsa ya nuna: manya guda biyu da tsutsa ta riga ta cinye, sai tumukun suri ɗaya da ya bushe ƙayau a kan surin gara. Ƙarami ko ɗaya bai gani ba. Har ya fara tunanin ko ƙasar ce ta yi musu zafi.

Farkon Yuli: tsohon turmi

'Yarsa mai shekara huɗu ce ta fara gano su. Da safe yana shirin fita ta ja masa riga, ta ce, "Baba, zo ka ga 'yan laimomi." A bayan madafa akwai wani tsohon turmi da ya tsage aka jingine shi, gindinsa ya ruɓe da danshi. Da ya durƙusa sai ya ga gefen da ba ya samun rana ya cika fal da 'yan huluna masu launin toka-toka, kowace da tsaga-tsaga kamar an yi mata kitso, girmanta bai fi ƙwayar wake ba. Ya ƙirga ya wuce 60 ya bari. Lokacin makaranta ya ƙure, ya ce in ya dawo zai ɗauka. Ƙarfe biyu da ya dawo, rana ta zagayo ta same su, sun yi laushi sun kwanta.

Dalilin a bayyane yake ga mai koyar da darasin. Ainihin jikin halittar farin zare ne siriri da ke ratsa cikin ruɓaɓɓen icce ko ganye, yana nan ko da rani. Hular da muke gani 'ya'yansa ce, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Ƙwayoyin jikinta sun riga sun haɗu tun tana ƙulli, ruwa kawai take zuƙa ta kumbura, shi ya sa dare ɗaya take miƙewa. Ƙaramar da ba ta da kauri, yadda ta sha ruwan da sauri haka rana ke ƙwace shi.

Daga ranar ya sauya tsari. Yana idar da sallar asuba sai ya jira gari ya ɗan yi haske, wajen ƙarfe shida da kwata, ya fita na minti 50. Ya daina yawo, ya tsayar da wuri uku: turmin gidansa, da wani lambun mangwaro a bakin rafi inda ganye ya taru shekara da shekaru, da wani tsohon mashekarin shanu. Idan ya je, fili kamar faɗin tabarma ɗaya yake zaɓa ya tsuguna a kai minti goma. Ko da gari ya waye yakan kunna tocila ya kwantar da ita a ƙasa ta haska daga gefe, domin inuwar abu ƙarami ta fi shi kansa saurin kama ido. Kowace fita yana rubuta kwanan wata, da ranar da aka yi ruwa na ƙarshe, da abin da ya samu tsiron a kai.

Cikin mako biyu ya ga iri takwas. Littafin kuma ya fara nuna masa wani abu: safiyar da aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kakkarye yake samun su, sun yi kaca-kaca da laka. Safiya ta biyu bayan ruwa mai ratsa ƙasa ita ce mai albarka.

Ƙarshen Yuli: an samu, hoto ya ƙi

Wayar ta ƙi kama abin da ke kusa. In ya matso da ita ƙasa da santimita 10, hoton sai ya yi dishi-dishi. In ya ja baya, sai ta bar laimar ta kama ganyen da ke bayanta. Ya gwada jawo hoton da yatsu, ya fito kamar an shafa masa man shanu. Ya kunna filasha, farar hula ta ƙone fat, baya kuma ya yi baƙi ƙirin.

Sai ya sayi ɗan gilashin ƙara girma da ake maƙalawa a idon kyamarar waya, wanda masu hoto ke kira makro. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Gilashin ya kawo abin kusa, ya kuma zo da nasa matsalolin. Dole waya ta tsaya santimita biyu zuwa uku daga laimar, ta nan inuwar wayar ke rufe ta. Kaurin wurin da ke fitowa tar a hoto bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba: in bakin hula ya fito, ƙafa ta ɓace. Kyamarori manya suna da ƙofar haske da ake tsukewa don ƙara wannan kauri, yawancin wayoyi ba su da ita. Ga rawar hannu, wadda gilashin ke ninkawa yadda yake ninka girma. A inuwar mangwaro da sassafe haske kaɗan ne, wayar kan daɗe kafin ta gama ɗauka, ko bugun zuciya ya isa ya ɓata hoton. Wasu masu ƙafa kamar gashi, numfashinsa kaɗai ke kaɗa su.

Ya gwada tsinko su ya kawo gida ya ɗauka a kan tebur. Kafin ya iso sun yamutse. A ƙarshen watan yana da hotuna fiye da 300 a waya, shida kawai ya iya nuna mini ba tare da ya ba da haƙuri ba.

Agusta: safa, roba da takardar azurfa

Rawar hannu ya fara yi wa magani. Ya cika tsohuwar safa da gero, ya ɗaure bakinta, ya riƙa dasa wayar a kai. Gero yana bin siffar ƙasa, yana kuma riƙe waya a kowace karkata aka ajiye ta. Ya juya wayar kai ƙasa, idon kyamara ya sauko dab da turɓaya, daidai tsayin laimar. Ya saita jinkirin daƙiƙa uku, ya danna ya ɗauke hannu ya riƙe numfashi. Ya shiga sashen saitin hannu na kyamarar, ya tsayar da ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin hasken kyamara, a 100 don kada hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa, ya riƙa zaɓen inda za ta kama da kansa.

Haske kuma, ya yanko gefen wata farar jarka ya tsayar tsakanin tocila da laimar. Hasken da ya ratsa robar yakan yi laushi, ya bazu, ba ya ƙona fari. Ta ɗaya gefen ya kwantar da takardar azurfa irin ta cikin kwalin shayi, tana mayar da haske zuwa ƙarƙashin hula inda duhu ke taruwa. Guntun kwali ya zama garkuwar iska. Buhun taki ya zama abin shimfiɗa, saboda gwiwar wandonsa biyu sun riga sun tafi.

A tsakiyar watan, ana cikin marka, wani abu ya faru da ba ya cikin lissafinsa. Yana kwance rub da ciki a gefen wata gonar masara da ke maƙwabtaka da lambun, ƙarfe shida da rabi, tocila a kunne, ga safa ɗaure a gabansa, sai ya ji murya a kansa.

"Kai! Me kake binnewa a gonata?"

Dattijo ne riƙe da fartanya, fuska a murtuke. Duk wanda ya tashi a karkara ya san abin da ake zargin mai tona gonar wani da duku-duku. Malam ya miƙe ya rusuna.

"Baba, barka da asuba. Wallahi ba na binne komai. Hoto nake ɗauka."

"Hoton ƙasa?"

Ya miƙa masa wayar. A fuskarta akwai wata 'yar laima ja, faɗinta milimita shida, ƙafarta baƙa siririya kamar gashin wutsiyar doki, ta tsiro daga jijiyar busasshen ganye, ɗigon raɓa na rataye a bakinta. Dattijon ya duba waya, ya duba ƙasa, ya sake duba waya. Sai da Malam ya nuna masa da tsinke kafin ya gan ta.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe haka take." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, gobe in za ka shigo gonar mutum ka yi sallama. Kuma ka daina sa hannu a ƙarƙashin ganye, kububuwa tana nan. Sanda ake sawa."

Kafin su rabu ya gaya masa akwai wasu farare ƙanana da ke fitowa tuli guda kusa da surin da ke ƙarshen gonar, ba sa daɗewa, in sun fito zai aiko yaro. Bayan kwana tara yaron ya buga ƙofa da sassafe. Malam ya tarar da ɗaruruwansu sun rufe ƙasa kamar an watsa farar shinkafa. Wannan dangin sunansa Termitomyces, masanin Faransa Roger Heim ne ya raɗa masa a 1942, kuma gara ce ke noma shi a cikin gidanta ta ci. Ƙaramin cikinsu yana tsirowa ne a kan ɓarɓashin da garar ta turo waje. A dangin nan ne kuma ake samun wanda ake ci mafi girma a duniya, a Zambiya, mai hular da kan kusa mita ɗaya.

Tun daga ranar Malam ba ya fita sai da rufaffen takalmi da sanda. Sandar ta yi rana: a makon ƙarshe na watan ya ɗaga ɓawon icce da ita, kunama ta fito.

Satumba zuwa Oktoba: hoto ya yi kyau, suna ya gagara

Da hotunan suka fara fitowa tar, ya ɗora su a iNaturalist, manhajar kyauta da aka fara a 2008, inda mutum ke sa hoton halitta da wuri da rana, masana da masu sha'awa su taimaka da suna. Ya sa rai za a gaya masa sunan kowace. Amsoshin da suka zo tambayoyi ne. Ina hoton ƙarƙashin hula? Layukan da ke ciki sun manne da ƙafa ko sun tsaya nesa da ita? A kan ganye ta tsiro, ko icce, ko kashin shanu? Nawa ne girmanta? Wane launi ne garin irinta, wato ƙurar da take zubarwa don ta yaɗu?

Duk hotunansa daga gefe ɗaya ya ɗauke su, gefen da ya fi kyau. Babu ma'auni a ciki, wanda ya kalla ba zai san ko hular ta kai faranti ko ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ya koma lambun don ya gyara, amma ruwa ya fara ja da baya. A mako na biyu na Oktoba ganyen ya bushe, yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Lissafin daminar farko: hotuna 11 da za a iya wankewa, uku kawai aka gane danginsu. Bai manna komai a bango ba.

Rani: atisaye a kan tabarma

Bai ajiye wayar ba. Da hunturu yakan zauna da ƙwayar gero, da kan ashana, da 'ya'yan barkono, yana koyon saita haske. A cikin itacen girkin gidansa ya tsinci wasu busassun abubuwa masu kama da mafici, farare, masu gashi-gashi. Ya yayyafa musu ruwa, bayan ɗan lokaci suka buɗe, layukan ƙarƙashinsu kowane a tsage biyu. Schizophyllum commune ke nan, wanda ake samu a kowace nahiya ban da Antaktika, kuma yana jure bushewa ya farfaɗo. Shi ya zama abin gwajinsa har bazara.

A kansa ya koyi dabarar tara hotuna. Ana ɗaukar abu ɗaya sau da yawa ba tare da motsa waya ba, kowane ɗauka ya kama wani zurfi daban, daga bakin hula har bayanta, sannan kwamfuta ta tsinto wurin da ya fito tar a kowane ta haɗa hoto ɗaya. Da yatsa ya fara gwadawa, wayar tana gocewa duk taɓawa. Daga baya ya sauke Open Camera, manhajar kyauta da ke iya sauya zurfin da kanta ta ɗauka a jere, ya ci sa'a wayarsa ta karɓa. Haɗawar kuma da wata manhaja mai suna Picolay yake yi a kwamfutar wani abokin aikinsa.

Ya kuma harhaɗa 'yar jaka: guntun rula na santimita biyar, ƙaramin madubin gwangwanin hoda da ya roƙa wajen uwargida, reza, ambulan, da 'yan ƙunshin tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Damina ta biyu

Ya fara a makon ƙarshe na Yuni, a wuraren nan uku da gonar dattijon. Yanzu kowace laima sau biyar yake ɗaukarta kafin ya nemi hoton ado. Na farko daga nesa, a ga wurin da abin da ta tsiro a kai. Sai daga gefe da rula a jikinta, sai daga sama, sai ya zura madubi ƙarƙashinta ya ɗauki cikin hular. In suna da yawa ya ɗaga ɗaya da reza tare da guntun ganyen da take kai, don gindin ƙafar ya fito. Hularta yakan kifa a kan takarda rabi fara rabi baƙa, ya rufe da kofi ta kwana, da safe garin irin ya zuba ya nuna launinsa. Sauran ya busar ya sa a ambulan da kwanan wata.

Dabarar tara hotuna ta yi aiki a kan masu tauri. A mashekarin shanu, cikin Agusta, ya samu wasu 'yan kofuna a kan busasshen kashin shanu, bakin kowane bai kai santimita ɗaya ba, a ciki da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe masu sheƙi, sak sheƙar tsuntsu da ƙwai. Dangin Cyathus ne. Ƙwayoyin nan jakunkunan iri ne, kuma ɗigon ruwan sama ne ke faɗawa cikin kofin ya cilla su waje, har nisan mita ɗaya. Hotuna 16 ya haɗa, aka samu guda da ke nuna gashin bayan kofin da ƙwan ciki duka tar. Na daɗe ina kallon hoton nan. Sau nawa na tsallake irin wannan kashin shanu a rayuwata?

A kan masu siririyar ƙafa kuwa dabarar ta sha ba shi kunya. Ko yaya iska ta motsa tsakanin ɗauka da ɗauka, sai hoton ya fito da ƙafa biyu ko uku. Ya rage zuwa hotuna shida ko takwas, ya kuma riƙa fara su kafin ƙarfe bakwai, lokacin da iska ba ta tashi ba. Wasu duk da haka hoto ɗaya ya haƙura da shi.

Ɗalibai sun shigo cikin aikin da sharaɗi biyu: labari za su kawo masa, kada su tsinko, kuma ba a kai komai baki. Ya nanata musu cewa hoto ba ya raba mai guba da marar guba. Wurare huɗu sababbi daga bakinsu ya same su, har da gindin randar wani masallaci.

A ƙarshen Satumba yana da iri 23 da suka bambanta a ido. An gane dangin tara, biyu an kai ga cikakken sunansu. Ya wanke 20 ya manna a bangon aji, kowane da wurin da aka same shi da girmansa a milimita.

Yadda nake ganin lamarin

Da na bi littafin daga farko, a ganina sauya lokaci da wuri ne ya fi komai tasiri. Fita bakwai na yamma ba su ba shi ko ɗaya ba, mako biyu na safiya a wuri uku suka ba shi takwas, da waya ɗaya da ido ɗaya. Komawa wuri guda kuma shi ya sa rubutun ruwan sama ya yi amfani, domin da yawo ya ci gaba da yi, da ba shi da abin gwadawa.

Gilashin da ya saya, shi kaɗai ne abin da ya ci kuɗi, kuma wata guda ya yi yana ƙara ɓata masa hoto har sai da safar gero da farar roba suka zo. Da ya san haka, da su zai fara. Dabarar tara hotuna ta ba shi abin da ke tsayar da yaro a gaban bango, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga malami. Amma wajen gano suna, madubin hoda da guntun rula sun fi ta aiki nesa ba kusa ba. Asarar daminar farko daga nan ta zo: ya nemi kyau kafin ya nemi shaida.

Sallamar da bai yi wa mai gona ba kuskure ne da zai iya jawo masa fitina, kuma mutumin da ya kusa zama abokin rigima shi ya kai shi ga abin da ba zai taɓa samu da kansa ba, domin dattijon ya san surin nan shekaru kafin a haifi Malam.

Akwai inda har yanzu aikin ya tsaya. Iri 14 ba su da ko sunan dangi, kuma ƙananan nan da yawa ba a raba su sai an duba garin irinsu a madubin kimiyya mai ƙarfi, wasu ma sai da gwajin ƙwayar halitta. Na makarantarsu ba ya kai wa nan. Jar nan mai ƙafar gashin doki, an ce masa Marasmius ce, daga nan ba wanda ya ƙara. Samfurinta uku na cikin ambulan a aljihun teburinsa, yana sauya musu ƙunshin tsotse danshi duk wata, yana neman wanda zai duba masa su a jami'a.